WA YA CIYAR DA KEFIR ƊIN ZAITUNA?

Shafi na 14

Masu cika min akwatin saƙo da "ina labari, ina labari", wayata ce ta faɗa bokitin wanki. Khairat, na ga zagin da kika yi min, na yafe. Ga shi nan.

*

Tun daga tasha Yaya Zaituna take min mita a bayan babur.

"Mahfuz, bi a hankali mana! Wata biyu ina jinyar Gwaggo a Minna ban mutu ba, sai a hannunka?"

"Yaya, rana ce. So kike mu narke?"

"Ni ba rana ce ta dame ni ba. 'Ya'yana ne."

Na yi tsaki. 'Ya'yan da take faɗa ba mutane ba ne. Wasu ƙwayoyi ne masu kama da jiƙaƙƙen ƙaro, kefir sunansu, ƙawarta Patience ce ta ɗebo mata cokali uku bara. Sai ta zuba su a kwalba da ruwan rijiya da sukari, ta rufe da ƙyalle. Bayan kwana biyu ruwan ya yi tsami-tsami yana kumfa kamar lemon kwalba, ta ƙara citta ko zoɓo ta sayar. Masu ciwon ciki na unguwarmu har layi suke mata. Ni dai ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba. Abin da sai an ba shi abinci kamar akuya, ina ni ina shan ruwansa?

"Sun mutu," ta ce. "Na sani. A zafin Kontagora ko sati biyu ba za su kai ba babu abinci. Gaggawar tafiya ce ta sa na kulle su a ɗaki na wuce da makulli."

"To Allah ya jiƙansu."

Ta ɗaka min duka a baya.

Ba ta tambaye ni ɗan'uwanmu Yaya Khalilu ba. Ni ma ban ɗauko maganar ba.

Kwana uku da tafiyarta 'yan bindiga suka tare hanyar Bangi. Mutum huɗu suka kashe, har da Bashiru ɗan Kawunmu, abokina tun muna wasan ƙasa. 'Yan sa-kai suka harbe ɗaya daga cikin ɓarayin, aka ciro waya a aljihunsa, aka ga lambar Yaya Khalilu a ciki. Kira uku. Shi Yaya Khalilu gyaran waya yake yi a kasuwar Bangi. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa infoma ne, mai kai wa ɓarayi labari. Kafin magariba ya ɓace.

Kawu, ƙanin Innarmu, shi ne kwamandan 'yan sa-kai na unguwarmu, ni ma a ƙarƙashinsa nake. A gaban gawar Bashiru na ce duk ranar da na ga Khalilu, ni da hannuna zan miƙa shi. Kowa ya ji ni. Kowa kuma ya san infoma ba ya kaiwa ofishin 'yan sanda.

Muna shiga gida Inna ta taso ta rungume Yaya Zaituna. Sai dai idonta ba a kan Yaya yake ba. A kan makullin da ke hannunta yake.

"Ki bar ɗakin nan sai gobe," in ji Inna. "Ƙura ce kawai. Zo ki huta a nawa."

"Inna, bari in ga gawar 'ya'yana tukuna."

"Na yi miki dambu."

"Ina zuwa."

"Zai huce, Zaituna."

"Dambu ne fa, Inna, ba shayi ba."

Ta buɗe kwaɗon. Na bi bayanta da jaka.

Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana shaƙar iska.

"Mahfuz, ka ji?"

"Me?"

"Ɗakin da ya yi wata biyu a rufe ba haka yake wari ba."

Ta durƙusa ta jawo kwalbar daga ƙarƙashin tebur. Ta ɗaga ta saitin ƙofa inda haske ke shigowa.

Ta ƙura mata ido.

"Innalillahi..."

"Sun ruɓe ko? Ai na faɗa miki."

"Suna da rai."

Na matso. Ƙwayoyin suna tasowa sama ɗaya bayan ɗaya, su taɓa saman ruwan, su koma ƙasa. Ƙananan kumfa na bin jikin kwalbar.

"To ai sai ki gode Allah," na ce.

"Kai ba ka gane ba." Ta juyo. "Dubi nan. A nan na bar su." Ta sa yatsa can ƙasan kwalbar. "Yanzu sun wuce rabi. Ba sa haihuwa sai suna ƙoshi. Kuma farare na bar su, da farin sukari nake ba su. Waɗannan jajaye ne. Mazarƙwaila aka ba su."

Ta ɗaga gefen ƙyallen ta tsoma yatsa ta lasa.

"Da sauran zaƙi. Wannan ruwan jiya aka zuba shi."

"Yaya, makulli yana Minna."

"Shi nake gaya maka."

Muka juya tare. Inna na tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango.

"Inna, ke kika shigo?"

"Ni... eh. Ni ce."

"Ta ina?"

Inna ta kau da kai.

"Inna, ke da ko kwalbar ba kya yarda ki taɓa, kina cewa ƙwayayen kwaɗi ne? Cokali nawa ake zuba musu?"

"Zaituna, ki yi a hankali da muryarki."

Ni kuwa idona na kan bakin kwalbar. Yaya da zare take ɗaure ƙyallen. Wannan ba zare ba ne. Guntuwar wayar caja ce fara, an murɗa ta sau biyu an lanƙwasa bakin ciki. Mutum ɗaya na sani a duniya da yake ɗaure komai haka, daga buhun gawayi har ledar burodi.



"Inna," na ce. "Ina yake?"

"Wa?"

"Inna!"

Ta zube a ƙasa ta riƙe ƙafata. Uwata, ta riƙe ƙafata.

"Mahfuz, don nonon da ka sha. Don Allah."

Sai na ji motsi a sama. Wani allon sili da ke kusurwa, saitin katangar da ta raba ɗakin da na Inna, ya goce gefe. Ƙafa ta fara saukowa. Sai ɗaya ƙafar. Ya taka kan durowa, ya diro.

Da a hanya na gamu da shi da ban gane shi ba. Ya yi fari fat kamar wanda ya tashi daga jinya. Gemu ya cika masa fuska. Rigar Inna ce a jikinsa.

Yaya Zaituna ta toshe bakinta da hannu.

"Khalilu..."

"Sannu da hanya, Zaituna." Muryar kamar ta mai mura, can ƙasa. Daga baya na gane wata biyu ke nan bai yi magana da ƙarfi ba.

"Nan kake?" na ce. "Duk kwanakin nan nan kake?"

"Nan nake."

"Mun shiga dajin Mariga nemanka! Har Nasko na je a kan babur, ina tambayar mutane da hotonka!"

"Na sani. Ina jin ka kana ba Inna labari a tsakar gida."

"Ranar da aka zo bincike ni na leƙa ta tagar nan. Ni na rantse wa Kawu babu kowa!"

"Ina sama a lokacin. Ba ƙarya ka yi ba."

Ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na haɗa shi da bango.

"Nawa suka ba ka? Nawa suka ba ka ka sayar da Bashiru?"

"Mahfuz, sake shi!" Yaya ta riƙe hannuna.

"Ni na wanke gawarsa! Ni na ga inda harsashin ya fita!"

Bai ɗaga hannu ya kāre kansa ba. Ya dai kalle ni.

"Wallahi tallahi ban taɓa ba ɗan bindiga labarin kowa ba."

"To me lambarka take yi a wayarsa?"

Ya kalli Inna.

Inna ta girgiza kai da ƙarfi. "Khalilu, mun yi magana da kai."

"Wace magana?" na ce. "Inna, wace magana kuma?"



Yaya Zaituna ta janye hannuna daga wuyansa, ta zaunar da shi bakin gado. Har yanzu kwalbar na ƙirjinta. Tana kuka tana kallonsa, tana kallon kwalbar.

"Kai kuma mahaukacin ina ne? Ana neman ranka, kai kana nan kana kiwon kefir?"

Ya ɗan yi murmushi. "Kwana na huɗu a nan na ga sun daina motsi. Na tuna yadda kike yi. Na ce wa Inna ta miƙo min sukari ta sili, ta ce in ta cika sayen sukari mai shago zai yi tambaya, ga dai mazarƙwailar da aka kawo mata daga Nasko. Na gwada. Washegari suka tashi."

"Da ka bar su sun mutu."

"Zaituna, ba ki san ɗakin nan ba in an rufe shi. Ba rana, ba mutum. Su kaɗai ne abu mai rai da nake gani. Da su nake lissafin kwana. In na tace, na san kwana biyu sun wuce. Har hira nake musu." Ya sunkuyar da kai. "Ban yi tunanin za su tona ni ba."

Ina tsaye wayata na aljihuna. Lambar Kawu ce ta farko a ciki. Hannuna ya kai kan aljihun, ya dawo. Ya sake kaiwa.

Sai muka ji daga zaure:

"Salamu alaikum! Masu gida! An ce 'yar Minna ta sauka!"

Kawu.

Inna ta miƙe kamar an tsikare ta da allura. Yaya Khalilu ya taka durowa, cikin ƙiftawar ido ya shige, allon ya koma mazauninsa. Yaya Zaituna ta tura kwalbar cikin kwandon wanki ta jibga zannuwa a kai. Ta goge fuska da hijabi.

Inna ta kalle ni.

Muka fito tsakar gida. Yaya ta jawo ƙofar.

Kawu ya shigo, ya maida sakatar zaure kamar yadda ya saba, bindigarsa ƙirar gida a kafaɗa. Tun rasuwar Bashiru ba ya ajiye ta, ko masallaci sai dai ya jingina ta a bakin ƙofa. A ɗaya hannun kuwa wata kwalba ce wankakkiya, babu komai a ciki.

"Zaituna 'yar gidan Kawu! Ya jikin Gwaggon taku?"

"Da sauƙi, Kawu. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki." Ya zauna a kan turmi, ya ɗora bindigar a cinya. "Me ya sami idonki?"

"Iskar babur ce. Mahfuz gudu yake kamar an biyo shi."

"Ai shi ya sa nake son sa a aiki." Ya ɗaga kwalbar. "Kin ga abin da ya kawo ni. Yaran nan da kika ba ni sun mutu. Kwana goma sha biyu muka yi a daji, na dawo na tarar sun zama kamar kunu, wari kamar an jiƙa fata. Tun daga nan gyambon cikin nan ya dawo min. Ko tuwo ba na iya ci. Ki ɗan sammin iri."

"Ayya, Kawu. Nawa ma sun mutu."

"Duka?"

"Duka. Yanzu na zubar."

"Haka ne fa." Ya jinjina kai. "Nawa kwana sha biyu ma ba su kai ba, ina ga wata biyu a kulle. To ki roƙar min ƙawar nan taki, matar asibiti."

"Patience. Gobe in sha Allahu zan karɓo maka."

"Allah ya yi miki albarka." Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya kalli Inna. "Yaya, na wuce. Mahfuz, bayan la'asar akwai taro."

"To, Kawu."

Ya juya. Taku ɗaya. Taku biyu. Na ji Inna ta saki numfashi.

TAU!

Ƙarar ta fito daga ɗakin Yaya Zaituna, ta daki kwanon rufi ta dawo. Kaji suka watse. Kafin in ƙifta ido Kawu ya durƙusa, bindiga a kafaɗa, bakinta na kallon ƙofar.

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

Babu wanda ya kwanta.

Ya kai wa ƙofar ƙafa, ta buɗe.

Babu kowa. Sai fasassun gilasai a ƙasa, da jan ruwa da ya fantsama har bango, yana gangarowa daga bayan gado yana kumfa. Ƙamshin citta da zoɓo ya cika ɗakin.

Na tuna Yaya kullum tana faɗa: in an ɗura a kwalba an toshe, dole a riƙa sassauta murfin safe da rana, in ba haka ba iska ta taru ta fasa. Yaya Khalilu tun safe yake cikin sili yana jiran isowarta. Ya manta da kwalbar da ya ɓoye a bayan gado.

Kawu ya sauke bindigar a hankali. Ya durƙusa. Ya dangwali ruwan da yatsa ya kai baki.

Ya daɗe a durƙushe.

"Zaituna."

"Na'am, Kawu."

"Yaushe kika sauka?"

"Yanzu... da azahar."

"Wannan kwana biyu ya yi a kwalba. Ko uku." Ya miƙe. "Ni ma na iya abin nan, ke kika koya min. Matacce ba ya kumfa."

Ya ɗaga kai ya bi ɗakin da kallo. Gado. Labule. Durowa. Ya sa bakin bindiga ya ɗaga zannuwan kwandon wanki. Ga kwalbar nan, ƙwayoyin na ta hawa da sauka abinsu.

Ya juyo ya kalli Inna.

"Yaya. Ranar da na zo da yara, kin ce min makulli na Minna."

"Yana Minna."

"To wa yake ciyar da su?"

Ya matso kusa da ita.

"Tambaya nake. Wa yake shiga ɗakin nan duk bayan kwana biyu?"

Na ga idonsa ya fara hawa bango. Ya kai kan durowa. Akwai sawun ƙafa a kan ƙurar durowar, yatsu biyar, a fili.

"Ni ne."

Sai da na faɗa na gane daga bakina ta fito.

Kawu ya juyo. "Kai?"

"Ni ne, Kawu. Makulli na sa aka yanka min a kasuwa. Yaya ce ta yi ta roƙona a waya kar su mutu."

"Eh," in ji Yaya da sauri. "Ni na sa shi."

"Ke da kika ce min yanzu kin zubar?"

"Kunya na ji, Kawu. Na ga... na ga ba su yi kyau ba."

"Ina makullin?" ya ce da ni.

"Ya faɗi. Shekaranjiya, a hanyar Tungan Magajiya."

"Ya faɗi." Ya gyaɗa kai. "Mahfuz, kai da kake toshe hanci in na sha a gabanka?"

"Na saba da shi yanzu."

"Madalla." Ya ɗauko kwalbar daga kwandon, ya fito tsakar gida, ya ajiye ta a kan tabarma. Ya ajiye tasa wankakkiyar kusa da ita. Ya koma kan turmi ya zauna.

"To haɗa min tawa. Tunda wata biyu kana yi."

"Kawu, bari ni in..." Yaya ta matso.

"Ke tsaya inda kike. Kar ki yi magana. Kar ki yi tari."

Na durƙusa a gaban kwalaben. Sau nawa na ga Yaya tana wannan aikin a tsakar gidan nan? Sau ɗari. Ko sau ɗaya ban tsaya na kalla ba. Kullum ina sauri, kullum akwai inda zan je.

Na tuna akwai rariya. Na shiga madafa na ɗauko ta roba, shuɗiya. Na ga kafaɗar Yaya ta ɗan sauka. Na dace ke nan.

Na ɗauko kwano. Na kwance wayar cajar da sauri na cusa a aljihu. Na juye kwalbar a rariya. Ruwan ya sauka cikin kwano, ƙwayoyin suka tsaya a sama, jajaye, suna sheƙi.

Na ɗura ruwan a kwalbar Kawu. Bai zube ba ko ɗigo. Na ji ƙarfin gwiwa.

Saura abin da ke cikin rariya. To me ake yi da abin da ya rage a rariya? Duk tatar da na taɓa gani a gidan nan, ta kamu ce ko ta kunun aya, dusar kaji ake ba.

Na miƙe, na nufi inda kaji suke, na ɗaga rariyar zan watsa musu.

"KAI!"

Yaya Zaituna ce. Ta riga ta yi tsalle ta riƙe hannuna kafin ta tuna an ce kar ta yi magana.

Muka tsaya a haka, ni da ita, rariya a sama.

Kawu bai yi dariya ba. Bai yi fushi ba. Ya kalle ni kawai, irin kallon da ya yi wa ramin Bashiru.

"Su ne irin, Mahfuz," ya ce a hankali. "Su ake ciyarwa. Wanda ya yi wata biyu yana kiwonsu ba zai ba kaji ba."

Ya miƙe.

"A gaban gawar ɗana ka yi min alkawari."

"Kawu..."

"Matsa."

Ban san lokacin da na sakar wa Yaya rariyar na je na tsaya a ƙofar ɗakin ba.

"Matsa, na ce."

"Kawu, ka bari a kai shi wurin hukuma. A bincika. In shi ne..."

"Ashe yana ciki."

Ya ɗaga bindigar. Ba saitin ƙirjina ba. Saitin silin da ke saman kaina.

Inna ta yi kururuwa ta faɗa kansa. "Ɗan'uwana! Jininka ne! Kai ka yi masa huɗuba ranar da aka haife shi!"

"Bashiru ma jinina ne, Yaya!"

"Kawu, kar ka taɓa kowa. Ga ni."

Allon ya goce. Yaya Khalilu ya sauko, ya ratsa ta gefena, ya fito tsakar gida ƙafa ba takalmi. Rana ta dake shi, ya runtse ido, ya kāre fuska da hannu. Gilashi ya yanke shi a dunduniya, yana tafiya yana barin jini a siminti, bai ma sani ba.

Ya durƙusa a gaban Kawu.

Bakin bindigar ya sauko ya tsaya a goshinsa.

"Tambaya ɗaya," in ji Kawu. "Ɗaya tak. Me lambarka take yi a wayar wanda ya kashe min ɗa?"

"Gyara aka kawo min ita. Lasifikarta ce ta mutu. Da na canza, na kira lambata in gwada. Sau uku, sai a na ukun ta yi. Duk wayar da na gyara haka nake yi, ka duba taka ma za ka gani."

Gaskiya ne. Tawa ma akwai.

"To me ya hana ka faɗa? Me ya sa ka gudu?"

"Don tambayar da za ta biyo baya."

"Wace tambaya?"

"Wa ya kawo ta."

"Khalilu!" Inna ta rarrafo ta riƙe shi. "Khalilu, na roƙe ka! Ka yi min alkawari! Kashe Kawunka za ka yi da bakinka!"

"Inna, wata biyu na riƙe. Yau Mahfuz ya yi ƙarya saboda ni, gobe shi za su kira infoma."

"Wa ya kawo ta?" in ji Kawu.

Yaya Khalilu ya ɗago kai, bakin bindigar na bin goshinsa.

"Ranar kasuwar Bangi ce, sati biyu kafin abin. Ya ce min ta abokinsa ce, in yi sauri, kar in rubuta suna. Da yamma ya dawo karɓa, ya goyo mai wayar a bayan babur. Jan babur ɗin nan da ka saya masa da sallah. Mutumin da ya goyo, shi ne wanda kuka harbe."



Jan babur ɗaya ne Kawu ya taɓa saya. Ni na raka mai shi ya karɓo. Ni na fara goya shi a kai.

"Ƙarya kake," in ji Kawu. Amma muryar ba ta fita sosai ba.

"Bashiru ne, Kawu. Bashiru ne ya kawo min ita."

Rariyar ta suɓuce daga hannun Yaya Zaituna. Ƙwayoyin suka watse a siminti, kaji suka yo kansu, ko kallonsu ba ta yi ba.

Kawu ya juya ya kalli Inna.

"Yaya... kin sani?"

Inna ta rufe fuska da mayafi.

Sai ga dukan ƙofar zaure, da ƙarfi, kamar za a ɓalle ta. Muryoyi da yawa. Na gane su duka, da su nake kwana a daji.

"Kwamanda! Kwamanda, kana ciki? An ce an ji harbi a gidan nan!"

"Ku buɗe ko mu hauro!"

Yaya Khalilu bai motsa ba. Bai kalli sili ba. Ya dai rufe ido.

Kawu ya janye bindigar daga goshinsa. Ya kalli jinin da ke ƙasa. Ya kalle ni. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar.

Ya taka zuwa zaure, a hankali, kamar mai ciwon ƙafa.

"Kawu," na ce. "Me za ka ce musu?"

Bai juyo ba.

Ya zare sakatar.